Idan Ɓeran Masar Ya Fara Jan Ƙafa

 Ina gaida mutanen Sabon Birni da Isa, da na Gatawa, Tsamaye, Unguwar Lalle, Kurawa, Turba da Bafarawa, har da 'yan'uwa da ke kama mu daga tsallaken iyaka, wajejen Bangi, Madawa da Gidan Runji. Allah ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya.

Yau maganarmu a kan ɓeran Masar take, wannan 'yar dabba marar wutsiya da yara ke kiwo a akurki ko a bayan ɗaki. Wani zai ce, a ƙasar da aka kore garken shanu, wa ke ta ɓeran Masar? Ni kuwa ina ganin shi ya sa ya cancanci a ba shi fili. A gidaje da yawa, abin da ya rage na kiwo shi ne wanda ake iya tsarewa cikin gida: kaji, tantabaru, zomaye da ɓerayen Masar. Da su yaro ke koyon kiwo, da su yake samun kuɗin littafi. Kuma duk ran da ka kulle ɓeran Masar, cinsa da shansa da jinyarsa suna wuyanka.

Ƙorafin da aka fi yi shi ne wannan: dabba tana gudunta lafiya, sai a wayi gari tana jan ƙafafun baya, ko tana tsalle da su biyu tare, ko ta lafe a lungu, in an ɗaga ta ta yi ƙara. Sai a ce sanyi ne, ko iska ta buge ta. Abin da ke faruwa a jikinta ciwon gaɓoɓi ne, kuma hanyoyinsa sun bambanta, maganinsu ma haka.

Hanya ta farko, wadda ta fi damunmu a nan, ta abinci ce. Akwai sinadarin da ake kira bitamin C, wanda jiki ke buƙata don ɗinke nama, jijiyoyin jini, dasashi da guringuntsin gaɓoɓi. Akuya tana haɗa nata a cikin jikinta. Tunkiya, jaki da zomo duk haka. Ɓeran Masar ba ya iyawa, sai ya ci a abinci kullum, kuma a wannan fanni shi da ɗan Adam ɗaya suke. Don haka za ka ga zomo da ɓeran Masar suna cin dusa ɗaya a kwano ɗaya, zomo yana ƙiba, ɗayan yana lalacewa, mai su ya rasa dalili.

An daɗe da gano haka. A shekarar 1907, wasu likitoci biyu a ƙasar Norwe, Axel Holst da Theodor Frølich, sun riƙa ciyar da ɓerayen Masar hatsi zalla. Dabbobin suka kamu da irin cutar da ta daɗe tana kashe ma'aikatan jiragen ruwa masu doguwar tafiya, wato zubar jini a dasashi da kumburin gaɓoɓi. Waɗanda aka ƙara wa ɗanyen ganye irin su kabeji kuwa ba su kamu ba. To ku duba abin da muke ba su da rani: dusa, tsakin gero, ɗumamen tuwo, busasshiyar harawa. Abin da waɗancan likitoci suka yi don gwaji, shi muke yi ba da saninmu ba, daga lokacin da ciyawar damina ta bushe har ruwa ya sauka.

Mako biyu zuwa uku na rashin ɗanyen ganye sun isa alamu su bayyana. Gashi ya tashi ya yi kaushi. Gwiwa ta kumbura. Dasashi ya yi ja, wani lokaci har da jini, dabba ta zo wurin abinci ta sunsuna ta koma saboda tauna tana yi mata zafi. Ƙanana masu girma da mata masu ciki su ne kan gaba wajen kamuwa.

Wannan nau'in yana warkewa, kuma maganinsa yana kusa da mu. Allah ya hore mana fadamun Gulbin Rima da na Bunsuru, inda ake noman rani. Tattasai yana cikin abubuwan da suka fi bitamin C. Yanka guda ko biyu a rana sun wadatar da dabba ɗaya. Akwai gwaba, akwai ɗanyen zogale, kabeji, latas, tumatir nunanne, da ganyen dankalin Hausa. Na ce ɗanye, domin shanya da dafuwa suna kashe mafi yawan sinadarin. Ragowar da mai kayan miya zai zubar da yamma ma ta isa, in dai ba ta ruɓe ba. A wanke sosai saboda maganin feshi. A fara da kaɗan kaɗan, don cikin da ya saba da dusa in aka cika shi da ganye rana ɗaya zai kumbura ko ya yi zawo. Albasa, tafarnuwa da ganyen dankalin Turawa kuma kada su kusanci akurkin. Busasshiyar ciyawa mai tsabta ta kasance a gaban ɓeran Masar dare da rana, don haƙoransa ba sa daina tsiro, taunar ciyawa ce ke rage su.

Idan ciwon ya riga ya kama, ganye kaɗai zai yi jinkiri. Lafiyayyen ɓeran Masar yana buƙatar miligiram 10 zuwa 25 na bitamin C a rana, marar lafiya ko mai ciki kuma 30 zuwa 50. Farar ƙwayar nan mai miligiram 100 da ake sayarwa a kemis, a raba ta biyu, a niƙa rabi a ɗan ruwa, a ɗura masa a hankali ta gefen baki da sirinji marar allura. Kada a zuba a kwanon ruwan sha: zafi da haske suna lalata shi da wuri, kuma in ɗanɗanon ruwa ya canza, dabbar takan ƙi sha. Cikin mako ɗaya zuwa biyu ya kamata a ga sauƙi. Da an samu sauƙi sai a koma ga ganye. A shekarar 2004 masu bincike a Jami'ar Duke ta Amurka sun nuna cewa ɗura wa ɓeran Masar bitamin C fiye da kima na tsawon watanni yana ƙara lalata masa gwiwa. Yawan magani ba shi ne yawan lafiya ba.

Hanya ta biyu ita ce amosanin gaɓoɓi na tsufa. Ɓeran Masar yakan yi shekara 5 zuwa 7 in ya samu kulawa, kuma daga shekara 3 zuwa sama guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan gwiwa yakan fara sidewa kamar ƙasan takalmi, har ƙashi ya riƙa gugar ƙashi. Wannan ɗabi'a ta sa masana ke amfani da wani jinsinsa mai suna Dunkin-Hartley wajen nazarin ciwon gwiwar da ke damun tsofaffinmu. Shi wannan ciwo a hankali yake shigowa. Da safe, musamman da hunturu, dabbar tana tashi da ƙyar, sai rana ta ɗaga ta ɗan saki jiki. Cinyoyi su rame. Farata su yi zaƙo-zaƙo don ba ta yawo. Gindinta ya riƙa ɓaci, domin ba ta iya lanƙwasawa ta gyara kanta.

Ba zan ɓoye muku ba, wannan ba ya warkewa. Amma ana rage wahalarsa ƙwarai. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa mai kauri ko tsumma, a riƙa canzawa da ta jiƙe. A matso da abinci da ruwa kusa da makwancin ɓeran Masar, a cire duk abin da sai ya hau ko ya tsallaka. A yanke farata da kula. Da hunturu a tare iska da buhu. Da bazara, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a wannan yanki namu, a kai shi inuwa mai iska, don asalinsa daga tsaunukan Andis ne masu sanyi, a Kudancin Amurka, zafi yana kashe shi cikin 'yan sa'o'i. A bar shi ya riƙa ɗan takawa, kuma kada a cika shi da tsaki har ya yi teɓa, nauyin a gwiwa yake sauka.

Sauran hanyoyin biyu a taƙaice. Akurki mai ƙasan waya ko sumunti mai danshi yana jawo gyambo a tafin ƙafa, in aka bar shi ƙwayar cuta ta bi ta shiga gaɓa da ƙashi. Sai kuma rauni, daga faɗuwa a hannun yaro ko harbin zomo. Kifa dabbar a hankali ka duba tafinta. Kumburi mai zafi a ƙafa ɗaya, ko mugunya, ko ƙafar da ke reto, aikin likita ne.

Yanzu ga inda nake so iyaye mata da samari ku buɗe kunne. Kada a ba ɓeran Masar kafso na mutane. Ampiclox, amoxicillin, penicillin, erythromycin, lincomycin, waɗannan da muke ɓarewa mu zuba wa kaji a ruwa, a wurinsa guba ne. Suna kashe ƙwayoyin da ke narka masa abinci a hanji, sai zawo ya biyo baya, cikin 'yan kwanaki ya mutu. Maganin ciwon jiki ma haka. Ƙwayar farasitamol ɗaya mai miligiram 500 an auna ta ne don babban mutum, shi kuwa nauyinsa duka bai cika wuce kilo 1 ba. Akwai maganin rage zafin gaɓoɓi da likitocin dabbobi ke ba shi, sunansa meloxicam, amma sai an auna nauyin dabba, an tabbatar tana ci tana sha, don yana iya taɓa ƙoda da ciki.

Na san halin da hanyoyinmu suke ciki, ba zan ce kowa ya ɗauki dabba ya kama hanya ba. A fara da malamin dabbobi na ƙaramar hukuma. Wanda kuma wata lalura ta kai shi Sakkwato, akwai asibitin koyarwa na likitancin dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Likita zai latsa gaɓoɓin ya ji, in da hali a ɗauki hoton ƙashi, shi ke raba amosani da karaya. Abu ɗaya ne ba ya jira: ɓeran Masar da ya yini bai ci ba, bai yi kashi ba, hanjinsa ya fara tsayawa, a nemi taimako ranar.

Kafin in rufe, iyaye, tunda jikinmu da na ɓeran Masar ɗaya ne a buƙatar bitamin C, yaron da ya yi watanni daga tuwo sai kunu, musamman a wuraren da aka yi gudun hijira, in dasashinsa yana jini ko yana kukan ciwon ƙafafu, a kai shi asibiti, a kuma nema masa gwaba, lemo ko kwalba da nono ta 'ya'yan kuka.

Yara masu kiwo, yau da yamma kowa ya leƙa akurkinsa, ya duba tafiyar dabbarsa da tafin ƙafarta da dasashinta, ya kuma sa mata ɗanyen ganye kafin magariba.