Tuƙi Cikin Maye: Abin Da Doka Ta Ce

Yau za mu yi magana ne a kan wata doka wadda ta shafi kowa a garin nan, ko da bai taɓa riƙe sitiyari ba. Wanda ba shi da mota yana shiga ta wani ran kasuwa. Wanda ba ya shiga kuwa, 'ya'yansa suna tsallaka titi. Dokar ita ce wadda ta hana mutum tuƙi yana cikin maye.

Mutane da yawa suna tsammani direba ba ya shiga hannu sai ya yi karo, ko ya banke wani. Ba haka ba ne. Laifin ya riga ya cika tun sa'ad da mashayi ya hau mota ya kama hanya, ko da ya kai Kano lafiya, ko kaza bai taka ba. Doka ba ta jira sai an zubar da jini.

A shekarar 1988 Gwamnatin Nijeriya ta kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra, watau waɗanda kuke kira Rod Sefti. Shugabanta na farko Wole Soyinka ne, mutumin da ya yi suna a duniya da rubuta littattafai. A 2007 aka yi wa hukumar sabuwar doka. Ga abin da dokar nan ta 2007 ta yanka. Wanda aka kama yana tuƙi cikin mayen giya ko ƙwaya, za a ci shi tarar naira 5,000, ko a ɗaure shi har zuwa shekara 2, ko a haɗa masa duka biyu. Wanda ya yi tuƙin ganganci, tararsa naira 50,000 ce, ko ɗaurin da zai iya kai shekara 2. In kuwa ganganci ya kai ga rasa rai, ɗaurin yana iya kai shekara 7. Mai babur da mai Keke Napep kada su ce ba da su ake ba. Duk abin da inji ke ja a kan titi yana ciki.

Mu a ganinmu tarar nan ta naira 5,000 ta yi kaɗan, balle da darajar naira ta faɗi ƙwarai tun daga 2007. Amma kada direba ya dubi tara ya yi murmushi. Alƙali ne ke zaɓe, ba mai laifi ba. In ya zaɓi ɗauri fa? Shekara 2 damina biyu ke nan. Wa zai nome masa gona? Wa zai ci da iyalinsa? Mai mota kuwa ba zai jingine motarsa yana jiran ɗan fursuna ba, zai ba wani mabuɗi. Kotu kuma tana da ikon hana mutum lasin, ga shi kuwa lasin shi ne fartanyar direba.

To, yaya ake sanin mutum yana cikin maye? A da sai an ga yana tangaɗi, ko an ji wari a bakinsa. Mai wayo sai ya tauna goro, ya daidaita tafiya, ya yi gardama. Yanzu awo ake yi. Dokar 2007 ta sa iyaka: rabin giram na barasa a cikin kowace lita ɗaya ta jini. A rubuce haka yake: 0.5. Ku rubuta shi a littattafanku. Babban mutum yana da jini kamar lita 5 a jikinsa. Kun ga ashe ba wani abu mai yawa ba ne ke kai mutum iyakar nan. Babbar kwalbar giya guda tana iya kai marar jiki can, tun ba ma in cikinsa ba abinci.

Abin awon wata 'yar na'ura ce da ake ba direba ya hura. Wani Ba'amurke mai suna Robert Borkenstein, wanda ya yi aiki da 'yan sanda, shi ya ƙago irinta a 1954. Dalilinta kuwa mai sauƙi ne. Giya in ta shiga ciki sai ta bi jini. Jini kuma yana ratsa huhu, saboda haka kaɗan daga cikinta yana fitowa tare da numfashi. Na'ura sai ta auna wannan ta nuna lamba. Goro ba ya ruɗinta. Shayi mai zafi, da wanka da ruwan sanyi, duk ba su fitar da giya daga jini. Hanta ce ke wannan aiki, ita kuwa a hankali take yi. Wanda ya kai 0.5 sai ya yi kamar awa 3 ko fiye kafin jininsa ya washe. Wanda ya kwana yana sha, ya tashi da asuba ya ɗauki fasinja, yana iya zama har yanzu mai laifi ne.

Watakila wani a cikinku ya ce, "Malam, ai mu nan ba mu shan giya." Madalla. Amma dokar ba giya kaɗai ta ambata ba, ta haɗa da ƙwaya, kuma nan ne abin ya fi damunmu. Akwai wanda ba zai taɓa burkutu ba ko da wuƙa a wuyansa, amma yana haɗiyar Tramol kafin ya kama hanya, wai don kada ya gaji. Wani wiwi yake busawa a bayan tasha. Wani maganin tari mai kodin yake kwankwaɗa, abin da Gwamnati ta hana yinsa da shigo da shi tun 2018. Tramol maganin ciwo ne mai ƙarfi, na likita. Yana sa jiri da gyangyaɗi, in an sha da yawa har ya kan jefa mutum cikin abu kamar farfaɗiya. Kodin yana kawo barci. Wiwi yana sa mutum ya kasa gane nisan abu. Na'urar hurawa ba ta kama waɗannan, sai an auna jini ko fitsari. Amma doka ta ce ko ba a kai ga lamba ba, in maye ya hana mutum sarrafa mota yadda ya kamata, laifi ya tabbata. Mallakar wiwi kuma laifi ne dabam, na hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989. Haka kuma a jihohin da ke bin shari'ar Musulunci, wadda Zamfara ta fara a 2000, shan giya kansa yana da haddi na bulala, ko mutum a ƙasa yake tafiya.

Bari mu yi ɗan lissafi, tun da kun iya. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya. Wannan ya fi taku 20 na babban mutum. Yaro ya fito a guje yana bin akuya. Direba mai hankalinsa ya gan shi, ya taka birki. Wanda ya sha ƙwaya shi ma ya gan shi, amma ƙafarsa ta makara da daƙiƙa ɗaya tak. Taku 20 ke nan motar ta ƙara ci kafin birki ya fara aiki. Shi kuwa a ransa gani yake ya fi kowa iya tuƙi a ranar.

Saura ku masu shiga mota. Kafin ku biya kuɗi a tasha, ku dubi direba. In idonsa ya yi ja wur, ko maganarsa tana sarƙewa, ko kun gan shi yana afa wani abu, ku sauke kayanku ku jira wata. Ku gaya wa shugabannin tasha. In kuna kan hanya ne abin ya bayyana, ku haɗa baki ku ce ya tsaya. Mutum ɗaya direba yana iya yi masa tsawa, amma ba zai yi wa mota guda ba. Mai waya a cikinku ya buga 122, lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra ce, ba a cin kuɗi. Ya faɗi lambar motar da hanyar da take bi. Lambar tana rubuce gaba da baya, yanzu kuwa kuna iya karanta ta.