YARON DA KARATU YA YI WA WUYA, A KAMA MASA

Wannan jawabi an shirya shi domin taron uwayen ƴan lakwal da makarantun yaƙi da jahilci. Wanda ya iya karatu ya karanta wa jama'a da ƙarfi, sannu sannu.



Maganar yau a kan yaron da karatu ya yi wa wuya take. Kowane gari yana da irinsa. An sa shi lakwal yana da shekara 7. Kullum da safe yana tafiya tare da ƴan uwansa. Ya yi shekara uku yana zuwa. Amma in an miƙa masa takarda, sai ya sunkuyar da kai. A aji, can baya yake zama. A gida ana ce masa daƙiƙi. Wata rana sai ya ce ba ya zuwa, uban kuma ya ce da ma gona tana jiransa. In yarinya ce, sai a ɗora mata talla. Shekara uku sun tafi a banza, an rasa mai karatu guda a gari.

YARAN NAN SUNA DA YAWA

Akwai wani bincike da ake kira PASEC. Ministocin ilimi na ƙasashe masu aiki da Faransanci suka kafa shi, domin a auna abin da yara suka koya. A shekarar 2014 an auna ƴan ajin CM2 a Nijar. Cikin yara 100, waɗanda suka iya karatu har su gane abin da suka karanta ba su kai 10 ba. A shekarar 2019 aka sake aunawa, aka samu kimanin 30 cikin 100. An ci gaba. Amma sauran 70 fa? Sun kai ajin ƙarshe ba su riƙe karatu yadda ya kamata ba. Ba mai cewa yara 70 cikin 100 daƙiƙai ne. Ashe akwai wani dalili.

ME KE KAWO WANNAN?

Na farko, yawan yara. Malami guda da aji cike maƙil ba ya iya sauraron kowane yaro shi kaɗai. Yana da tsarin shekara da aka ba shi. Dole ya wuce gaba, ko an gane ko ba a gane ba.

Na biyu, fashi. Lakwal tana buɗewa a watan Oktoba, lokacin girbi. Yaron da aka riƙe a gona har aka gama ɗaurin hatsi, in ya zo ya tarar an wuce haruffan farko. Wanda masassara ta kwantar sati biyu, shi ma haka. Karatu kamar ginin rumbu ne. In ƙasa ba ta zauna ba, sama ba ta tsayawa.

Na uku, harshe. Yaro ya tashi da Hausa a gida. A lakwal da yawa kuma da Faransanci ake fara masa. Ga sabon harshe, ga sababbin haruffa, kaya biyu a kai guda.

Na huɗu, lafiyar jiki. Wani yaro ba ya ganin abin da aka rubuta a allo daga nesa. Wani ba ya ji sosai, ko don ciwon kunne mai ruwa, ko don sanƙarau da ya taɓa kama shi. Wani da yunwa yake zuwa. In yaro yana kanne ido, ko yana kai takarda dab da hanci, ko sai an kira shi sau uku kafin ya waiwayo, a kai shi asibiti a duba.

Akwai kuma yaro mai lafiyar ido da kunne, mai wayo, wanda ya iya lissafin kuɗi da kiwon awaki, amma haɗa harafi da sautinsa yana ba shi wuya ƙwarai. Likitoci da malamai sun san wannan, akwai shi a kowace ƙasa. Ba aikin aljannu ba ne, ba kuma sammu ba ne. Irin wannan yaro yana koyo. Sai dai yana bukatar a maimaita masa sau da yawa, da haƙuri.

A FARA GANO INDA YA TSAYA

Kowa a nan ya san makarantar allo. Kowane almajiri da allonsa. Wani yana babbaƙu, wani yana farfaru, wani ya yi nisa. Malam yana sauraron kowa shi kaɗai. Ba a wanke allo sai yaro ya riƙe abin da ke kansa. Wannan dabara ita ake so a yi wa yaron da ya tsaya a karatun boko.

Mai taimako ya zaunar da yaro su biyu, ba a gaban mutane ba. Ya nuna masa haruffa goma a warwatse. In ya san su, ya nuna masa kalmomi gajeru kamar ido, gida, tuwo, rago. In ya karanta su, ya ba shi layi uku ko huɗu. In ya wuce nan, ya ba shi ɗan labari, sa'annan ya tambaye shi abin da labarin ya ce. Da haka za a samu matakai biyar: wanda bai san haruffa ba, mai haruffa, mai kalmomi, mai ƴan layuka, da mai labari. Inda yaro ya kasa, nan za a fara masa, ko da ɗan CM1 ne.

A yi hankali da hadda. Yara da yawa suna rera shafi guda daga farko har ƙarshe, uwaye suna murna, alhali da ka suke yi. Gane wannan ba wuya. A rufe hoton da ke shafin. A sa yatsa a kan kalma guda a tsakiya, a ce ya faɗe ta. Ko a rubuta masa kalmar a ƙasa. In ya yi shiru, ya haddace ne, bai karanta ba.

WA ZAI KAMA MASA?

Malamin lakwal shi ne jagora, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A gari akwai masu karatu. Akwai yayyen yaran da ke kwaleji. Akwai samari da ƴan mata da suka bar lakwal suna zaune. Akwai kuma ku, ɗaliban yaƙi da jahilci.

Wanda ya koyi karatu da girmansa yana da abin da wasu ba su da shi. Bai manta wuyar ba. Ya tuna ranar da b da d suke rikice masa. Ya tuna n da u, yadda ɗaya yake kamar an kifar da ɗaya. Ya tuna ranar da ya gane ƙugiyar da ta raba baki da baƙi, ta raba kafa da ƙafa. Ya san kunyar da mutum yake ji in ya yi kuskure a gaban jama'a. Mai irin wannan tunawa ba ya saurin fushi da yaro.

Wani zai ce: “Ni da Hausa na koya, mushe kuma da Faransanci yake karantarwa. Ba zan rikita yaron ba?” A'a. Haruffa da yawa sautinsu ɗaya ne a harsunan biyu, kamar a, i, b, d, l, m, t. Babban aiki shi ne yaro ya gane cewa m da a sun ba da ma, ma da ta kuma sun ba da mata. Sau ɗaya mutum yake koyon wannan haɗi a rayuwarsa. Da Hausa ya fi sauƙi, don abin da aka rubuta shi ake faɗi, kuma yaro ya san ma'anar kalmar. A Faransanci sauti guda, wato o, ana rubuta shi o, ko au, ko eau. Wannan sai daga baya, a hannun malami. Inda harsunan suka saɓa, kamar u da c, a faɗa wa yaro a fili: wannan na Hausa ne, wancan na lakwal.

Ba yau aka fara wannan a Nijar ba. Tun shekarar 1973 aka buɗe lakwal ta gwaji a Damagaram, inda yara suke fara karatu da Hausa kafin su shiga Faransanci. A shekarar 2025 kuma hukuma ta ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa.

AN GWADA A WASU WURARE

A ƙasar Indiya akwai ƙungiya mai suna Pratham. Ta riƙa ɗaukar ƴan mata na unguwa waɗanda suka yi makaranta, ta ba su horo na ɗan lokaci. Ana kiran kowace balsaki, wato ƙawar yaro. Balsaki tana ɗaukar yara 15 zuwa 20 da aka bari a baya, ta zauna da su awa biyu a rana, ta koma da su tushe. A shekarar 2001 masana suka fara auna wannan aiki a biranen Mumbai da Vadodara. Suka ga yaran sun ci gaba, kuma waɗanda suka fi rauni su suka fi samun amfani. Matakai biyar ɗin da aka faɗa ɗazu, ƙungiyar nan ta yaɗa su. A shekarar 2019 aka fara irin wannan aiki da Hausa a wasu makarantun jihar Kano a Najeriya.

A nan gida ma akwai misali. A shekarar 2004 aka fara wani shiri a jihar Tawa da taimakon ƙasar Japan, domin ƙarfafa kwamitocin kula da lakwal, waɗanda aka sani da COGES, yanzu CGDES. A garuruwa da dama kwamitocin suka shirya ƙarin karatu bayan an tashi daga lakwal, da karatun dare, mutanen gari suna kula da yara.

YADDA AKE ZAMAN

Rabin awa a rana ya isa, in dai kullum ne. Rabin awa kullum ya fi yini guda a sati. Bayan la'asar ya fi kyau, yaro ya ci abinci, rana ba ta faɗi ba. A haɗa yara biyar zuwa goma masu mataki ɗaya, ko da ajinsu daban, a zaure ko a gindin icce.

Kayan aiki ba sai an saya ba. Ƙasa da tsinke sun isa rubutu. Kwalin sukari ko na shayi, a yanka shi ƙanana, a rubuta harafi guda a kan kowane da gawayi ko biki. Wannan jarida ma littafi ce. Haka rubutun buhun taki da na katin asibiti.

Mai taimako ya fara da karanta ɗan labari, yana bin kalmomi da yatsa, yara suna kallo. Sa'annan ya ɗauki harafi guda ko biyu, kar su wuce haka. Ya faɗi sautin, yara su kawo kalmomin da suke farawa da shi. In k ne, su ce kaza, kare, kuka. Sai a haɗa shi da wasula biyar: ka, ke, ki, ko, ku. Sai a haɗa gaɓa da gaɓa da ƴan kwalayen nan, a fid da kalma. Kowa ya rubuta ta a ƙasa. A ƙarshe kowane yaro ya karanta wani abu shi kaɗai, ko da kalma biyu ce.

Abu uku ne a kiyaye. Ba bulala. Yaron da ke jin tsoro, hannun mai duka yake kallo, ba takarda ba. Ba dariya in wani ya yi kuskure. Kuma kar a yi saurin faɗa masa amsa. A ba shi lokaci ya haɗa da kansa, in ya samu a yaba masa. Bayan kowane sati biyu a sake auna shi. In ya riƙe matakinsa, ya hau na gaba. Sannu ba ta hana zuwa.

ABIN DA YA RAGE GA GARI

Kwamitin lakwal ya zauna da darekta a wannan wata, a auna yaran CP zuwa CM2, a rubuta matakin kowa. A nemi masu taimako, maza da mata, malami ya nuna musu aikin. Ƙungiyar uwaye mata ta tsaya a kan ƴan mata, a rage musu daka da ɗebo ruwa a lokacin karatu, don su ake fara cirewa. Uban da bai iya karatu ba, shi ma yana da aiki. Ya bar yaro ya tafi a kan lokaci. Da dare ya ce masa: “Zo ka nuna mini abin da ka koya yau.” Bayan wata uku a sake tara jama'a, a faɗi yara nawa suka hau mataki, nawa suka rage, a ga abin da za a gyara.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron CP da aka kama wa bana ya fi sauƙin gyara bisa ɗan CM2 da ya riga ya fid da rai. Kowane ɗalibin yaƙi da jahilci ya dubi gidansa da na maƙwabcinsa, ya ɗauki yaro guda tun wannan sati.

Allah ya yi wa yara albarka, ya ba masu taimako haƙuri da lada. Amin.