Baruwa, ƙauyen da sunansa ya riga turakun iyaka

 

Da yawanmu mun ɗora kwalin banda a mota ba tare da mun tambayi inda aka kyafe kifin ba. Yau za mu yi maganar ɗaya daga cikin wuraren da yake fitowa, wato Baruwa.

Baruwa ƙauye ne a jihar Diffa, can ƙuryar kudu maso gabashin Nijar, a gefen yammacin Tafkin Cadi, arewa da inda kogin Komadugu Yobe yake shiga tafkin. Ba shi da magajin gari nasa, ba shi da majalisa. Takardunsa duka a Bosso ake sa musu hannu. Mutanensa masunta ne da manoma da makiyaya.

To amma sunan wannan ƙaramin wuri yana cikin takardar da ta fara raba kasuwanninmu. A ranar 5 ga Agusta 1890 Ingila da Faransa suka amince da wani layi daga Say, a bakin kogin Kwara, zuwa Baruwa: arewa ta Faransa, kudu ta Ingila. Masu sa hannun ba su san ƙasar ba. Sai daga baya wani hafsan Faransa, Monteil, ya ratso ta don ya gani da idonsa, ya isa Kukawa a 1892. An sake zana layin a 1898 da 1904 da 1906, sannan aka kafa turaku tsakanin 1906 da 1908. Duk lokacin da muka tsaya a layin duwan, hannu riƙe da takardu, can abin ya samo asali. Kakanninmu fatake kuwa babu wanda ya shawarce su.

Abin da ya fi damunmu shi ne na kusa. A 2015 rikicin Boko Haram ya tashi mutanen Baruwa, aka kuma hana cinikin kifi da tattasai a yankin. Mu da muke Maiduguri da Damagaram da Kano mun ji a aljihunmu, su kuwa gidajensu suka bari. A watan Yunin 2021 dubban mutane suka koma gida. Wata biyu kacal bayan haka aka kai hari wurin, sojoji 16 suka rasu. Allah ya jiƙansu.

Wanda ya koma gida bayan shekara shida yana bukatar jari, taru da kwalekwale. A ganinmu bai dace mu tsaya jiran kaya su iso tasha mu taya da arha ba. Muna roƙon kwamiti ya ware wani abu daga asusun bana, a ba abokan cinikinmu na can bashi ba ruwa, su biya da kaya idan kamu ya yi kyau. Dillalanmu na Diffa sun san su ɗaya bayan ɗaya, su za su kawo sunaye a zama mai zuwa.