Abincin 'Ya'yanmu Mata Amana Ne a Wuyanmu

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Ya ku iyaye da malamai da ɗalibai mata da kuka halarci wannan majalisi, maganata a yau ta shafi abincin 'ya'yanmu mata masu tasowa, wato daga shekara 10 zuwa 19. A cikin waɗannan shekaru ne yarinya take samun kusan rabin nauyin da za ta kai idan ta girma, kuma a cikinsu ne ƙashinta yake ginuwa ya yi ƙwari. Abin da aka yi sakaci da shi a wannan lokaci yana da wuyar ramawa daga baya.

Abin baƙin ciki shi ne da yawa daga cikinmu sun mayar da hankali ga siffar yarinya, sun manta da lafiyarta. Daga nan ne kurakurai guda biyu suka ɓullo.

Na farko shi ne maganin ƙiba. Da zarar an sa ranar biki, sai gwaggo ko ƙawa ta kawo wa yarinya ƙwayar da ake kira "sha ka fashe", wai don ta ciko kafin a kai ta ɗakin miji. Galibi ƙwayar nan deksametason ce, wadda likitoci suke bayarwa bisa awo ga masu asma mai tsanani da wasu cututtukan kumburi. Idan mai lafiya ta dinga shanta, fuska ta kan kumbura, kitse ya taru a ciki da bayan wuya, alhali hannuwa da ƙafafu suna ramewa. Tana hawar da jini da sukari, tana raunana ƙashi da garkuwar jiki, tana rikita al'ada. Wannan kumburi ciwo ne, ko da dangi sun yi ta barka da an yi ƙiba. Kuma ina jan kunne: wadda ta daɗe tana sha kada ta daina rana ɗaya, domin yin haka yana iya jefa ta cikin haɗarin da zai kai ga rasa rai. Wajibi ne a kai ta wurin likita ya rage mata sannu a hankali.

Na biyu kishiyar na farko ne. Wasu 'yan mata, saboda hotunan da suke gani a wayoyin hannu, sun ɗora wa kansu horon yunwa. Sai yarinya ta tafi makaranta ba karin kumallo, ta yini a kan shayin rage ƙiba. Da yawa daga irin wannan shayi suna ɗauke da ganye mai sa gudawa irin su filasko, saboda haka ruwan jiki ne yake zubewa, kitse yana nan inda yake. Ƙarshenta jiri da mantuwa a aji, wani lokaci har al'ada ta ɗauke.

To, mene ne haƙiƙanin abin da 'ya'yanmu suka rasa? Jini ne. Binciken lafiya na ƙasa da aka gudanar a Nijeriya a shekarar 2018 ya nuna cewa kashi 58 cikin ɗari na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. Yarinyar da ta fara al'ada tana zubar da jini kowane wata, don haka buƙatarta ga sinadarin ƙarfe, wanda da shi ake gina jini, ta fi ta ɗan'uwanta namiji. Amma a gidaje da yawa sai a tsame tsoka a kai wa maigida da samari, ita da ta yi girkin a bar mata romo. Ya ku iyaye maza, wannan ba adalci ba ne, kuma gyaransa yana hannunku.

Maganin yana cikin kasuwarmu, kuma yawancinsa mai araha ne: wake, gyaɗa, daddawa, zogale, alayyafo, rama, ƙwai, kifi, da hanta gwargwadon hali. Gero ya fi farar shinkafa yawan wannan sinadari. A haɗa da lemun tsami ko tumatir ko gwaiba, domin suna taimaka wa jiki ya amfana da shi. Shayi kuwa yana rage wannan amfani, saboda haka a jinkirta shi kamar awa ɗaya bayan cin abinci. Nono, wanda muke damawa da fura, yana gina ƙashi.

Idan kuwa ƙibar yarinya ta wuce kima da gaske, asibiti ne zai tabbatar, domin ma'aunin masu tasowa daban yake da na manya. Gyara yana farawa daga lemon kwalba da soye-soye da kayan zaƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a shekarar 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa ya gaza kashi 10 cikin ɗari na kuzarin abincin yini, wato kimanin ƙaramin cokali 12, alhali kwalba ɗaya ta lemo tana iya ɗaukar kusan cokali 9. Hukumar ta kuma ce masu tasowa suna buƙatar motsa jiki na minti 60 a kullum, kuma tafiya da ƙafa da daka da wasan igiya a tsakar gida duk suna cikin lissafi. A gyara tukunyar gidan gaba ɗaya, kada a ware ta ita kaɗai. A kuma kiyaye harshe, domin gori da laƙabin banza su ne suke tura yarinya ga ƙwaya ko ga yunwa a ɓoye.

Addininmu ya hana israfi a ci da sha, ya kuma hana mutum ya cutar da kansa. Lalle kowannenmu za a tambaye shi game da abin da aka ba shi kiwo. Ina roƙon kowace uwa, idan ta koma gida yau, ta zauna da 'yarta cikin lalama ta tambaye ta abin da ta ci da safe da abin da take sha.

Allah ya ba 'ya'yanmu lafiya mai amfani, ya ba mu ikon riƙe amanarsu.