Daga Challawa zuwa Komadugu: Makomar Tsofaffin Gidajen Ruwa



Wani zai ce me ya haɗa Diffa da gidan ruwan da ke Kano. Ruwan ne ya haɗa mu. Kogin Challawa yana haɗuwa da kogin Kano su zama kogin Haɗeja, a can gaba Jama'are ya shigo, sannan ruwan ya iso mana da sunan Komadugu, ya wuce Bosso zuwa Tafkin Cadi. Abin da mai tattasai yake ja da injinsa a nan, ragowar abin da aka bari ne daga can.

A bakin Challawa, wajen Panshekara, aka gina gidan ruwan farko na birnin Kano a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, da kuɗin baitulmalin En'e. Injina su ɗebo ruwa daga kogi, a tace, a tura shi tankin Goron Dutse, daga nan ya gangaro cikin gari da nauyinsa. Kafin nan rijiya ce da kududdufi. Ginin da ya raba birni guda da shan ruwan kududdufi bai gaza ganuwa daraja ba, amma da wuya ka ji an ambace shi idan ana lissafa kayan tarihi. Mun saba ganin tarihi a fada da masallaci, ba a ɗakin da ke warin baƙin mai ba.

A Landan, tashar ruwa ta Kew Bridge, wadda ta fara aiki a 1838, ta zama gidan tarihi a 1975, kuma har yau ana tayar da wasu injinanta don masu ziyara. Kano ma ta san hanyar, tunda ta mai da Gidan Makama wurin adana kayan tarihi.

To, mu fa? Diffa gari ne matashi, shaton ruwanmu da tashoshin ban-ruwa na hukumar ONAHA ba su tsufa kamar Challawa ba. Haɗarin ke nan, domin ba wanda ke ganin su a matsayin gado. Inji ya mutu, a yasar da shi, tsatsa ta cinye farantin da ke ɗauke da sunan kamfani da shekarar ƙira, ƙarshe ya tafi a kilo wajen masu sayen tsohon ƙarfe. Ambaliya irin ta 2019 kan gama da sauran.

Ba ina kiran a rufe gini a ɗora masa kwaɗo ba ne; gidan da ba kowa shi yake fara zubewa. Tsohuwar tashar famfo a bakin kogi tana iya zama ajin ɗaliban Jami'ar Diffa, a riƙa auna hawa da saukar ruwa a jikin bangonta, a nuna wa yara yadda madatsun Tiga na 1974 da Challawa na 1992 suka sauya zuwan Komadugu. Aikin farko kuwa ba ya cin kuɗi sosai: ofishin magajin gari da kamfanin ruwa na SPEN da jami'a su zagaya su rubuta abin da ke tsaye, su ɗauki hoto, su naɗi muryar tsofaffin makanikai da 'yan ga-ruwa tun suna da rai.