Ciwon Damuwa da Taɓin Hankali: Haƙƙin Maras Lafiya a Kanmu



Ya 'yan'uwa, maganarmu a yau ta shafi wata cuta da muke ɓoyewa saboda kunya, alhali tana cikin gidajenmu. Mutum zai riƙa kai da komo zuwa asibitin sha-ka-tafi yana kukan ciwon kai, zafin jiki, faɗuwar gaba da rashin barci, a ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro yau, gobe na taifot, alhali asalin ciwon nasa damuwa ce. Idan abin ya ta'azzara sai mu ce aljanu ne ko sammu, mu miƙa shi ga bokaye su cinye dukiyarsa da aƙidarsa.

Magabatanmu ba haka suka ɗauki lamarin ba. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934, ya bambance baƙin cikin da ke da sananniyar sila da wanda ke aukuwa ba tare da sila ba, ya ce na biyun yana buƙatar magani kamar sauran cututtukan jiki.

Ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya 'yan ɗaruruwa ne kawai, ga al'umma fiye da miliyan 200, kuma manyan asibitocinsu, irin na Kaduna, Kware da Maiduguri, sun yi wa talakan karkara nisa. Saboda haka ne manufar ƙasa ta 1991 ta shigar da lafiyar ƙwaƙwalwa cikin kiwon lafiya matakin farko, kuma a 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin mhGAP domin horar da likitan iyali da malaman asibiti su gane ciwon damuwa, taɓin hankali da farfaɗiya, su kuma fara maganinsu. A 2023 aka sanar da sa hannu kan sabuwar doka da ta maye gurbin ta 1958, ta kare mutuncin marasa lafiyar.

To, mene ne ya wajaba a kanmu? Na farko, wanda ya yi mako 2 yana cikin ƙunci, ya daina jin daɗin abin da ya saba so, mu kai shi ga likita, domin wani lokaci ƙarancin jini ko cutar maƙoƙo ke jawo haka. Mu lura musamman da mai jego. Na biyu, maganin damuwa yakan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsa, kuma ana ci gaba da shansa wata 6 ko fiye bayan samun sauƙi. Kada a yanke shi sai da izinin likita. Na uku, wanda ya ambaci kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai, a garzaya da shi asibiti a ranar.

Addu'a da ruƙya ta shari'a ba su hana neman magani, domin riƙo da sababi yana cikin tawakkali. Amma mari da bulala zalunci ne. A 2019 'yan sanda suka fito da mutane sama da 300 daga wani gida a Kaduna, da yawansu a ɗaure. Shari'a ta ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe. Mu kuwa, danginsa da maƙwabtansa, za a tambaye mu yadda muka riƙe shi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.