Gurus Mai Ƙyalli Da Gurus Na Wuya: Jawabin Da Aka Yi A Taron Bayan Girbi

Ina gai da maigari da liman da dattawa, da iyayenmu mata da ke zaune can baya, da ƴan bida da suka sauka daga Abijan da Ikko da Libiya. Allah shi sa mun ga damana mai zuwa lafiya.

Abin da ya sa na roƙi a ba ni magana, wani ƙanenmu ne ya zo mini da gurus biyu da ya saya a wurin bida. Ɗaya a leda, ɗaya a ɗan akwati, yana ƙyalli har mutum ya ga fuskarsa a ciki. Na akwatin ya fi tsada nesa. An ce masa shekara ɗari biyu da wani abu ke gare shi, ga 1780 an rubuta. Niyyarsa ya aje shi ya zama kuɗɗin aure. Ya kai shi wajen maƙerin fari a Madawa, maƙeri ya aza su ga sikeli, ya ce masa kuɗɗinsu ɗaya. Yaro ya dawo yana cewa maƙeri ɓarawo ne. To, maƙeri bai yi sata ba, kuma ga dalili.

Mu fara da 1780 ɗin nan. Matar da ke jikin gurus sarauniyar Ostiriya ce, Mariya Tereza, kuma a 1780 ta rasu. Da aka ga fatake sun yarda da kuɗɗinta, daga ƙasar Larabawa da Habasha har zuwa kasuwanninmu, sai aka ci gaba da buga shi ba a canza shekarar ba. An buga shi a Landan da Paris da Roma da Bombai, har yawansa ya wuce miliyan 300, kuma gidan buga kuɗɗi na birnin Biyana bai daina ba. Saboda haka gurus da aka buga bara, 1780 za ku gani. Nauyinsa giram 28 ne, azurfa tsantsa da ke ciki giram 23 da ɗan kai. Wannan shi maƙeri ke saye.

To mene ne bambancin na leda da na akwati? Na leda bugu ɗaya aka yi masa, irin na kuɗɗin kasuwa, sai dai bai taɓa yawo hannu da hannu ba. Sabo ne fil. In kun duba da kyau kuna iya ganin ƴan ƙarce, inda ya gogi ƴan uwansa a buhu. Na akwati kuwa ni ina ce masa bugun madubi. Sai an goge ƙarfen, an goge hatimin da za a buga da shi, sannan a buga sau biyu ko fiye, a hankali, a ɗauke shi da safar hannu. Shi ya sa filinsa ke ƙyalli, hoton kuma ya yi fari kamar an barbaɗa gari. Masu bida a ƙasashen Faransanci, in kun ga BE a kan akwati, bugun madubi ke nan. In BU ne, sabo ne mai kyau amma bai kai madubi ba.

A shagon masu bugawa na madubi ya fi tsada, don aikinsa ya fi yawa. Amma ku riƙe wagga magana, ita ce kan jawabina: ƙarin da kuka biya ladan aiki ne, ba ya cikin ƙarfen. Ba mai maido muku shi sai mai tara kuɗɗi don sha'awa, kuma irin wanga mutum ban taɓa gamuwa da shi a kasuwar Buza ko ta Keita ba. Ko a can Turai ba kullum na madubi ke rinjaye ba. Shi duk wanda ya saye shi ɓoye shi yake yi, sai a shekara hamsin suna nan da yawa. Na kasuwa kuwa hannu ya cinye su, sai ya zama wanda ya tsira sabo shi ne ke wuyar samu, wani lokaci har ya fi na madubi kuɗɗi. Ƙarancin abu ke sa masa tsada, kamar hatsi a watan bakwai.

Kuma madubin nan bai da haƙuri. Yatsa ɗaya ya bar masa shaida, to ya faɗi. Ƙanen namu sai da ya zagaya da nasa duk majalisa, kowa ya taɓa, har wani dattijo ya gwada shi da haƙori. Ban faɗi suna ba.

Akwai irin waɗanga kuɗɗi na ƙasarmu ma. An buga na zinariya masu hoton Diori Hamani, da shekarar 1960 a jikinsu, na tamma 10, 25, 50 da 100, bugun madubi, ba don cefane ba. Dala ashirin aka rubuta ga babban, amma zinariya ce. A 1972 kuma bankin BCEAO ya fitar da dala ɗari ta azurfa, giram 25, don cikar shekara goma da haɗin kan kuɗɗinmu. Wanda ya iske ta a adakar mahaifinsa kada ya kashe ta dala ɗari, azurfarta kaɗai ta ninka haka sau da yawa. In ta zinariyar ce kuma tana cikin akwatinta da takardarta, kada ya raba su, kada ya kai ta a narke kafin ya tambaya a Yamai.

Iyayenmu mata, yanzu gare ku. Gurus ɗinku na wuya, da tsohuwar dala ta azurfa ta zamanin Faransa mai giram 25, wadda har yau da sunanta muke ƙidayar kuɗɗi, galibi an huda su ko an liƙa musu kunne. Masu tarawa ba su son mai huda, wannan gaskiya ne. Amma huda ba ta kashe azurfa. Mai yawo gida gida da ke ce muku ta lalace, ku karɓi jikka ɗaya, ku ce masa a tafi ga sikeli, gaban ɗanku ko ƙanenku, kuma a fara tambayar kuɗɗin giram a Tawa ko Ƙonni, don farashin azurfa ba ya zama wuri ɗaya. Wadda ba a huda ba kuma ku bar ta da baƙinta. Kada a sa mata toka ko lemun tsami, gogewa rage mata kuɗɗi take yi.

Shi kuwa ƙanen namu, na ce masa kada ya sayar yanzu da haushi. Azurfarsa giram 46 tana nan, ƙarin akwatin ne ya tafi. Mai son a auna masa nasa, na zo da sikeli, ina ƙofar masallaci bayan la'asar.